Gambarar da ta hau daɓe: yadda 'yan hip hop suka mayar da koken unguwa wasan kwaikwayo

A farkon shekarar 2006, a wani gidan wasa da ke Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta birnin Niyok, wata mace ita kaɗai ta riƙa hawa dandamali dare bayan dare tana zama mutum 14. Sunanta Sarah Jones, wasan kuma Bridge & Tunnel. Ba ta da abokin wasa ko ɗaya. Riga kawai za ta sauya, ko ta ɗora tabarau, ko ta ja hula, sai murya ta canja, tafiya ta canja, har kallon ido ya zama na wani mutum daban. Labarin wani taron karanta waƙoƙi ne da baƙi 'yan ci-rani suka shirya a unguwar Queens. Mai gabatarwa wani akanta ne ɗan Pakistan, mai yawan barkwanci, wanda a tsakanin raha yake amsa wayar matarsa da hankalinta ya tashi, domin jami'an gwamnati sun sa masa ido tun bayan harin 11 ga Satumba. Bayansa ga wata tsohuwa Bayahudiya, ga wata uwa 'yar Sin, ga wani lebura ɗan Meziko da ya ji rauni a wurin aiki ya koma kan keken guragu. Kowannensu ya fito ya faɗi nasa, kuma duk daga baki ɗaya. A shekarar aka ba ta lambar yabo ta musamman ta Tony, wadda ita ce mafi daraja a harkar wasan daɓe a Amurka.

Sarah Jones ba ta hanyar da aka saba ta zo Broadway ba. Daga dandalin gasar waƙar baka ta taso, a cikin zamanin da hip hop ya raina. Ita da sa'o'inta ne suka gina wani salo da ya haɗa abubuwa uku wuri guda: waƙen da ake furtawa a baka ba tare da kiɗa ba, gambarar zamani da ake kira rap, da kuma wasan kwaikwayo na daɓe. Abin da ya ɗinke ukun kuwa shi ne damuwa da halin da jama'a ke ciki, musamman kurkuku, da talauci, da wariyar launin fata, da rayuwar baƙo a ƙasar da ba ta gama karɓarsa ba.

Tushen abin ya girmi hip hop kansa. Ranar 19 ga Mayu, 1968, makonni kaɗan bayan kashe Martin Luther King, wasu samari uku suka tsaya a wani lambun shaƙatawa a unguwar Harlem wajen bikin tunawa da ranar haihuwar Malcolm X, suka riƙa zuba waƙoƙi masu zafi a baka. Daga nan aka samu ƙungiyar The Last Poets, wadda ta ɗauko sunanta daga wani waƙe na marubucin Afirka ta Kudu, Keorapetse Kgositsile. Ganga ce kawai ke raka su, murya ce ke ɗauke da sauran aikin. A 1970 suka fitar da faifansu na farko, kuma a shekarar Gil Scott-Heron ya fitar da nasa. A 1973 wani malamin jami'a ɗan asalin Puerto Rico, Miguel Algarín, ya fara tara mawaƙa a falon gidansa, taron da ya girma ya zama Nuyorican Poets Cafe. Cikin abokan tafiyarsa akwai Miguel Piñero, wanda ya rubuta wasan Short Eyes yana tsare a kurkukun Sing Sing, wasan kuma ya ci manyan lambobin yabo a 1974.

A waccan shekarar ta 1973, ranar 11 ga Agusta, wani saurayi haifaffen Jamaika da ake kira DJ Kool Herc ya kunna faya-fayai a bikin da ƙanwarsa ta shirya a gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick, unguwar Bronx. Wannan daren ake ɗauka a matsayin haihuwar hip hop. Bronx ta lokacin wuri ne da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Wata babbar hanyar mota ta ratsa tsakiyarta ta tarwatsa unguwanni, masu hali sun tattara sun bar ta, gidaje na ta ƙonewa, birnin kansa kuma ya kusa tsiyacewa a 1975. Duk da haka gambarar farko ta shagali ce da kirari. Mai makirufo yana koɗa kansa, yana zuga 'yan rawa, yana ƙure abokin hamayya. Sai a 1982, da waƙar The Message ta Grandmaster Flash and the Furious Five, duniya ta ji cewa wannan salo zai iya zayyana gidan haya mai ɓeraye, da bashi, da yaron da titi ya raina ya miƙa wa gidan yari. Mawaƙan gambara irin su Public Enemy da KRS-One suka ɗora a kan haka a ƙarshen shekarun 1980.

To me ya kai wannan reshe kan daɓe, alhali yana da faifai da rediyo?

Kasuwa ce ta ƙuntata masa. A shekarun 1990 hip hop ya zama hajar miliyoyin daloli, kamfanoni kuma suka gane cewa waƙar bindiga da kuɗi da mata ta fi saurin shiga. A 1996 Amurka ta yi wata dokar sadarwa da ta sassauta iyakar yawan gidajen rediyon da kamfani ɗaya zai iya mallaka. Cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel ya tashi daga gidajen rediyo kimanin 40 zuwa fiye da 1,200. Idan mutane ƙalilan ne ke zaɓar abin da ƙasa guda za ta saurara, mawaƙin da ke maganar gidan yari da makarantun gwamnati ba shi ne zai samu gurbi ba. Masu irin wannan magana sai suka nemi wata ƙofa, suka same ta a gasar waƙar baka da ake kira slam.

Wani ma'aikacin gini a birnin Shikago, Marc Smith, shi ya ƙirƙiro gasar a tsakiyar shekarun 1980, don ya gaji da tarukan waƙa masu sa barci. Ƙa'idarta mai sauƙi ce kuma mai tsauri. Minti uku ake ba mutum, babu kiɗa, babu kayan wasa, waƙen kuma dole ya zama nasa. Alƙalai biyar ake tsamowa daga cikin 'yan kallo, su ba da maki daga sifili zuwa goma. Wanda ya saba fakewa a bayan kiɗa, a nan asirinsa ke tonuwa, domin ba abin da ya rage masa sai kalma da numfashi da jiki. Wannan horon ne ya fitar da Saul Williams, wanda fim ɗinsa Slam, labarin wani matashi mawaƙi da aka kulle, ya ci babbar kyauta a bikin fina-finai na Sundance a 1998. Shi ne kuma ya fitar da Sarah Jones, zakarar gasar Nuyorican ta 1997.

Abin da ya faru da ita bayan nan ya nuna yadda ƙofar rediyo take. Ta yi wani waƙe mai suna Your Revolution, inda ta ɗauko kalaman da mawaƙan gambara ke wulaƙanta mata da su ta mayar musu da martani. Wani ƙaramin gidan rediyon al'umma a birnin Portland ya sa shi, sai hukumar kula da sadarwa ta Amurka ta ci gidan tarar dala 7,000 a 2001, wai waƙen batsa ne. Waƙoƙin da take sukar kuwa suna ta yawo a manyan tashoshi. Ta kai ƙara kotu, kuma a 2003 hukumar ta janye hukuncin. Amma a tsawon wannan lokaci waƙen da aka yi don kare mutuncin mata ya zama abin da gidajen rediyo ke shakkar taɓawa.

A 2002 Russell Simmons ya kai waƙar baka tashar talabijin ta HBO da shirin Def Poetry Jam, wanda mawaƙin gambara Mos Def ya riƙa gabatarwa har 2007. A ƙarshen 2002 shirin ya hau Broadway da mawaƙa tara da mai juya faifai ɗaya. A cikinsu akwai Suheir Hammad, 'yar Falasɗinawa 'yan gudun hijira da ta tashi a Brooklyn, da Lemon Andersen, wanda ya rasa iyayensa biyu sanadin cutar ƙanjamau ya kuma ɗanɗana zaman gidan yari tun yana matashi.

Sai dai jera waƙoƙi ɗaya bayan ɗaya bai zama wasan kwaikwayo ba tukuna. Wanda ya fi kowa matsa wa wannan batu shi ne Danny Hoch, Bayahude farar fata da ya tashi a Queens cikin yara masu harsuna iri-iri, yana zane a bango yana rawar titi kamar kowa. Ya yi shekaru yana koyar da wasan kwaikwayo a gidajen yari da makarantun yaran da aka sallama. A wasansa Jails, Hospitals & Hip-Hop, wanda ya nuna a Niyok a 1998, shi kaɗai ya fito a matsayin mutumin da aka kulle don sayar da riguna a titi ba lasisi, da fursuna mai fama da ƙanjamau, da gandiroban da aka tura ganin likitan ƙwaƙwalwa, da wani yaro farar fata a jihar Montana da ke tsayawa gaban madubi yana mafarkin zama ɗan dabar gambara. A lokacin yawan mutanen da ke tsare a Amurka ya tashi daga kimanin 500,000 a 1980 ya doshi miliyan 2. Hoch bai hau dandamali ya karanta wannan adadi ba. Ya sa 'yan kallo sun zauna da mutum ɗaya daga cikinsu na minti goma, sun yi dariya da shi, kafin su ankara da abin da aka yi wa rayuwarsa.

A nan ne ribar daɓe take. Mawaƙin gambara a faifai kusan kullum da bakin kansa yake magana: ga ni, ga abin da na gani, ga wanda na fi. Da zarar ya shiga wasa, tilas ya ajiye kirarinsa ya ari bakin wani, har da bakin wanda yake ƙi. Hoch ya ba gandiroba haƙƙinsa na ɗan Adam kamar yadda ya ba fursuna. Waƙar minti huɗu tana iya tsine wa ɗan sanda, wasan awa ɗaya da rabi kuwa sai ya nuna ɗan sandan yana komawa gida, ya nuna abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya, sannan ya bar ɗan kallo da tambayar wane ne ya tsara al'amura haka. Mai karatu da ya taɓa tsayawa kallon tashe da azumi, yaro ya sa gemun auduga ya kwaikwayi dattijo har dattijon da ke wurin ya yi dariya yana jin kunya, ya san ƙarfin wannan dabara.

A shekarar 2000 Hoch da abokan aikinsa, ciki har da Kamilah Forbes da Clyde Valentin, suka kafa bikin Hip-Hop Theater Festival a Niyok, wanda daga baya ya riƙa zuwa wasu biranen Amurka.

Cikin duk waɗanda suka taso a wannan zango, ƙungiyar Universes ce ta fi nuna yadda sassan uku ke narkewa su zama abu ɗaya. A Bronx aka kafa ta a tsakiyar shekarun 1990, a wata cibiyar al'umma mai suna The Point da ke Hunts Point, ɗaya daga cikin unguwannin da suka fi talauci a birnin. Steven Sapp da Mildred Ruiz, waɗanda suka yi aure daga baya, suna cikin waɗanda suka kafa cibiyar, su ne kuma ginshiƙan ƙungiyar tare da Gamal Chasten da Flaco Navaja da Lemon Andersen. Ba su dogara da makaɗa ba. Tafi da buga ƙafa da dukan akwati da kiɗan baki su ne gangarsu. Ɗaya zai fara waƙe a baka, na biyu ya saka masa amo a ƙarƙashi, Mildred ta ɗauko wata tsohuwar waƙar Sifaniyanci ko ta coci da muryarta mai kauri, kafin a farga an koma hira tsakanin mutum biyu a cikin jirgin ƙasa. Wasansu Slanguage na 2001 tafiya ce a jirgin ƙarƙashin ƙasa daga Brooklyn zuwa Bronx, ana sauraron yadda talakawan birnin ke sarrafa harshe.

Bayan guguwar Katrina ta Agustan 2005, wadda ta nutsar da kusan kashi 80 cikin 100 na birnin New Orleans ta kuma kashe fiye da mutum 1,000, sun yi Ameriville a 2009. Mutum huɗu ne a dandamali da tebur da kujeru. Suka fara da waɗanda ruwa ya ci, yawancinsu baƙaƙen fata matalauta da aka bari a kan rufin gidaje, daga nan suka faɗaɗa zuwa rashin inshorar lafiya, da bindigogi, da marasa matsuguni. Hujjarsu ita ce sakacin da ya bari New Orleans ta nutse yana nan a kowane birni, ruwa ne kawai bai iso ba.

Aikinsu mafi nauyi shi ne Party People na 2012. Sun yi ta zagayawa suna hira da tsofaffin 'yan ƙungiyar Black Panther, wadda Huey Newton da Bobby Seale suka kafa a Oakland a 1966, da na Young Lords, takwararta ta 'yan Puerto Rico. Waɗannan ƙungiyoyi sun ciyar da yara karin kumallo kyauta, sun buɗe ɗakunan shan magani, kuma a 1970 'yan Young Lords suka mamaye asibitin Lincoln da ke Bronx don neman a gyara shi. Hukumar FBI ta cusa musu 'yan leƙen asiri, kuma a Disambar 1969 'yan sanda suka harbe Fred Hampton, shugaban reshen Black Panther na jihar Illinois, a kan gadonsa a Shikago yana da shekara 21, bayan wani na kusa da shi ya ba da taswirar gidan. Da Universes sun so, da sun yi wasan yabo kawai, a tafa a tashi. Maimakon haka suka ƙirƙiro labarin wasu samari biyu, ɗan wani ɗan Panther da ke kurkuku da ɗan ɗan'uwan wani ɗan Young Lords, da suka gayyato tsofaffin zuwa wani baje kolin zane. Da aka haɗu sai tsoffin miyaku suka fashe: wa ya ci amana, wa ya azabtar da ɗan'uwansa bisa zargi, wa ya bar 'ya'yansa ba uba saboda gwagwarmaya, me aka yi wa matan ƙungiyar. Girmama magabata ta hanyar faɗin gaskiyarsu duka, mai daɗi da mai ɗaci, abu ne da waƙar zuga ba ta iya ɗauka, wasan kuwa ya ɗauka.

Wasu sun bi ta wasu hanyoyin. Will Power ya ɗauko wani wasan Girka na Aeschylus, wanda aka fara nunawa shekara 467 kafin haihuwar Annabi Isa, labarin 'yan'uwa biyu da la'anar uba ta sa suka kashe juna, ya mayar da shi The Seven, wanda aka nuna a Niyok a 2006, yana tambayar ko tashin hankalin unguwa gado ne da ba a iya kuɓuce masa. A Landan, Jonzi D ya kafa bikin Breakin' Convention a gidan rawa na Sadler's Wells a 2004. Da aka yi masa tayin lambar girmamawa ta MBE, wadda sunan daular Birtaniya ke cikinta, ya ƙi karɓa, sannan ya yi wasa mai suna The Letter inda ya fito da muryoyin 'yan'uwa da abokai, masu cewa ya karɓa da masu cewa kada ya kuskura.

A Afirka ma an ga irin wannan haɗi, da nasa launi. A Senegal, inda mawaƙan ƙungiyar Keur Gui da wasu 'yan jarida suka kafa Y'en a Marre a 2011 suka kuma taimaka wajen hana Shugaba Abdoulaye Wade zarcewa a 2012, mawaƙa biyu, Xuman da Keyti, sun fara shirin Journal Rappé a 2013. Sukan zauna kamar masu karanta labarai a talabijin, su rero labaran mako da gambara, ɗaya da Faransanci ɗaya da Wolof. A Najeriya, Dike Chukwumerije ya fara nuna Made in Nigeria a Abuja a 2016, tarihin ƙasar tun daga haɗewar 1914 cikin waƙoƙin baka da rawa da wasa, ya kuma zagaya da shi garuruwa da dama. Maryam Bukar Hassan, 'yar asalin jihar Borno da aka fi sani da Alhanislam, ta kai waƙar baka har Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta naɗa ta mai fafutukar zaman lafiya a 2025. Matsalar ƙofar rediyo ma ba baƙuwa ba ce a nan: Jaga Jaga ta Eedris Abdulkareem, wanda ya tashi a Kano, ta fusata Shugaba Obasanjo a 2004, kuma hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta hana sa This Is Nigeria ta Falz a 2018.

Nasarar da ta fi kowace girma ta zo a 2015 da Hamilton na Lin-Manuel Miranda, tarihin ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Amurka, da gambara, baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka suna fitowa a matsayin George Washington da Thomas Jefferson. Ya ci Tony 11 da kyautar Pulitzer a 2016. Gwaninta ce ta gaske, ba mai musu. Amma ya bar tambayoyi biyu da har yau ba a rufe ba. Ta farko ta tarihi ce: masana da dama sun ce wasan ya wuce batun bauta da sauri, alhali da yawa daga cikin jaruman nasa sun mallaki bayi, har marubuci Ishmael Reed ya rubuta wasa sukutum a 2019 don ƙalubalantarsa. Ta biyu ta aljihu ce. A 2016 kujera mafi tsada ta kai dala 849. Masu wasan sun ware wasu kujeru na dala 10 ta hanyar ƙuri'a, sun kuma kawo dubban ɗaliban makarantun gwamnati a kan wannan farashi, abin a yaba. Duk da haka yawancin dare, salon da yaran Bronx suka ƙirƙira da aron wutar fitilar titi ana nuna shi ne ga mutanen da ba su taɓa taka Bronx ba. Shekara ɗaya kafin Hamilton, Holler If Ya Hear Me, wanda aka gina a kan waƙoƙin Tupac Shakur kuma yake magana kai tsaye a kan bindiga da kurkuku, Saul Williams na fitowa a matsayin babban jaruminsa, bai wuce makonni shida a Broadway ba aka rufe shi don rashin ciniki.

Wannan ita ce ƙayar da ke maƙale a wuyan salon tun farko, kuma masu yin sa sun sani. Gidan wasa ya ba su lokaci da natsuwar mai sauraro, abin da rediyo ya hana su, amma ya sa ƙofa mai kuɗin shiga tsakaninsu da mutanen da suke magana a kansu. Danny Hoch ya ci karo da ita gaba da gaba a 2008, lokacin da ya yi Taking Over, wasa a kan yadda masu kuɗi ke kwararowa unguwar Williamsburg ta Brooklyn, haya na tashi, tsofaffin mazauna na tattara kayansu. Ya san cewa waɗanda za su iya sayen tikiti a gidan wasa na Public Theater su ne sababbin zuwan da wasan ke suka. Don haka kafin a buɗe shi a can, ya ɗauke shi ya kai ɗakunan taro a unguwannin Brooklyn da Queens da Bronx, ya nuna shi kyauta ga mutanen da ake tasa daga gidajensu, sannan ya koma tsakiyar birni ya faɗa wa masu tikiti maganar a gabansu.